Tambayoyi da amsoshi: yadda Birtaniya ta haɗe shafukan intanet na gwamnatinta wuri guda

Me ya sa aka ga dacewar haɗe su?

Kafin 2012, Directgov ne shafin jama'a, Business Link na 'yan kasuwa, sannan kusan kowace ma'aikata da hukuma tana da nata daban. Mai neman bayani kan haraji ko lasisi sai ya fara gano wane ofishi ne ke da alhakin abin, wanda ba aikinsa ba ne. A 2010 Martha Lane Fox, 'yar kasuwar intanet mai ba da shawara kan harkokin dijital, ta ba gwamnati shawarar a tattara komai ƙarƙashin adireshi ɗaya.

Yaushe aka fara?

An buɗe sabon shafin, GOV.UK, ranar 17 ga Oktoba, 2012, ya maye gurbin waɗancan biyun. Ma'aikatu suka ƙaura a 2013, hukumomi sama da 300 suka kammala tasu ƙaurar zuwa ƙarshen 2014.

Kwashe rubuce-rubucen kawai aka yi aka zuba a sabon wuri?

A'a, kuma a ganina nan ne aikin yake. Da an kwashe komai yadda yake, da an tara shirgi ne a ɗaki ɗaya. Kowane bayani sai an tambaya: wace buƙata yake biya wa mai karatu? Wanda aka maimaita a wurare da dama aka mayar da shi guda, aka sake rubuta shi da Turanci mai sauƙi, aka jera shi bisa abin da mutum ya zo nema: fasfo, fansho, harajin mota. Abin da ba shi da amfani aka bar shi a baya.

Tsofaffin adireshin fa, sun mutu ke nan?

Wannan ne abin da masu irin wannan aiki suka fi sakaci da shi. Mutane sun ajiye tsohon adireshi a waya, an buga shi a takardu da jaridu. Don haka aka ɗaura tsofaffin da sababbi: ka latsa tsohon, ya kai ka sabon. Waɗanda aka daina amfani da su kuwa, hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar tana riƙe da kwafinsu.

Ba wanda ya yi asara?

Ma'aikatu sun rasa 'yancin tsara shafinsu yadda suka ga dama, dole kowa ya bi salo ɗaya. Kamfani mai sassa da yawa da ya ɗauki wannan hanya zai gamu da irin wannan ja-in-ja, domin kowane sashe yana son labarinsa a gaba. Sai an naɗa edita mai ikon cewa a'a, in ba haka ba sabon shafin zai cika da sanarwar da ba mai karantawa.