Mece ce waƙar bishara?

A bakin mutane da yawa yau, duk waƙar da aka ambaci sunan Yesu a cikinta waƙar bishara ce, ko a majami'a aka rera ta, ko a rediyo, ko a YouTube. Harshe haka yake tafiya, ba mai tare shi. Sai dai asalin kalmar bai kai haka faɗi ba.

Bishara daga Larabci muka aro ta, 'yar'uwar albishir ce, wato labari mai daɗi. Ita masu fassara suka ɗauka a madadin kalmar Helenanci da Sabon Alkawari yake amfani da ita wajen labarin mutuwar Almasihu da tashinsa. Albishir kuwa wanda bai ji ba ake yi wa. A nan waƙar bishara ta rabu da waƙar sujada. Ta sujada Allah take fuskanta, masu bi ne suke ce masa kai ne mai tsarki, kai ne mai iko. Ta bishara ta juyo wajen mutum, tana ce masa zo, ka ji abin da aka yi mini, kai ma ƙofa a buɗe take. Idan kana so ka gane wace iri kake ji, duba wanda ake ce wa "kai" a cikin baitin.

Duka biyun suna cikin Littafi Mai Tsarki. A Afisawa 5:19 Bulus ya haɗa su a aya guda: masu bi su yi magana da juna cikin zabura da waƙoƙi, su kuma raira wa Ubangiji da zuciya. A Ayyukan Manzanni 16:25 kuwa, Bulus da Sila suna kurkukun Filibi da tsakar dare suna addu'a suna yabon Allah, marubucin ya ƙara da cewa sauran 'yan sarƙa suna sauraronsu. Yabo suka nufa, ya faɗa kunnen da ba a shirya masa ba.

Amma sunan a matsayin nau'in waƙa mai zaman kansa bai daɗe haka ba. Tsakanin 1873 da 1875, mai wa'azi Dwight Moody da mawaƙi Ira Sankey, dukansu 'yan Amurka, sun zaga biranen Birtaniya suna tarurrukan bishara. Moody ya yi wa'azi, Sankey ya zauna gaban 'yar ƙaramar ogan, wato kayan kiɗa mai kama da fiyano, yana rerawa. A 1874 Philip Bliss ya buga kundin waƙoƙi mai ɗauke da wannan suna, shekara ta zagayo shi da Sankey suka fitar da na haɗin gwiwa. Waƙoƙin nan an ƙera su ne domin baƙon da ya shigo taro yau, wanda wataƙila ba zai dawo gobe ba. Baiti gajere, kari mai sauƙi, amshi da ake maimaitawa har wanda bai taɓa jin waƙar ba ya kama ta kafin a kai baiti na uku. Yawanci da bakin mutum ɗaya suke magana, kamar mai ba da shaida, kuma ana ajiye mafi taushinsu zuwa ƙarshen wa'azi, lokacin kiran masu tuba.

Dalilin da ya sa dabarar take ci ba boyayye ba ne. Mutum zai saurari wa'azin awa guda, ya isa gida da jimla ɗaya ko biyu. Amshi kuwa zai bi shi har wurin aiki, ba ya bukatar takarda, ba ya bukatar iya karatu. Tun ƙarni na 4 aka gane wannan. An ruwaito cewa Ariyus na Iskandariya, wanda taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya ya yi watsi da koyarwarsa a 325, ya zuba ra'ayinsa cikin waƙoƙi domin matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa. Waƙa ba ta tantance kayan da aka ɗora mata, kowa ya ɗora za ta kai.

Ma'ana ta biyu ta fito daga majami'un baƙar fata na Amurka. Thomas Dorsey makaɗin fiyano ne na waƙoƙin duniya kafin ya koma rubuta wa ikkilisiya a Shikago wajen 1930, bai kuma bar salon kiɗansa a baya ba. Fastoci da dama suka ƙi waƙoƙinsa da farko, suna ganin kiɗan gidan rawa ya shigo ɗakin Allah. Muryoyi irin ta Mahalia Jackson ne suka yaɗa su har suka karɓu. Daga nan kalmar ta fara nufin salon kiɗa, daga salo ta zama sunan sashe a kasuwar faifai da gasar lambobin yabo. Ni a ganina nan ne ta yi sako-sako, don yanzu waƙa tana iya cin wannan suna alhali babu labarin gicciye ko kira zuwa tuba a cikinta.

Gardamar kuwa tsohuwa ce. Agustin, bishop na Hippo, ya rubuta cewa idan daɗin murya ya fi ma'anar kalmomi taɓa shi, yana ganin ya yi zunubi, amma ya kasa cewa a daina waƙa don ya tuna hawayen da ya zubar a majami'ar Milan. A Janiba, Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ya yarda da rera Zabura ba tare da kayan kiɗa ba. Su ma waƙoƙin Sankey an yi musu kallon marasa nauyi a zamaninsu. Yau an fassara su zuwa harsuna masu yawa, suna cikin littattafan waƙoƙin ikkilisiyoyi, kuma su ne dattawa suke nema a rera duk ranar da suka ga ganga da jita na matasa sun yi yawa.