Darasin ƙari a makarantun firamare na Arewacin Kamaru

Darasin ƙari shi ne karatun da ake yi wa ɗalibin firamare bayan an tashi daga makaranta, domin ya cim ma 'yan ajinsu a karatu da lissafi. A Garwa da Marwa da Ngaundere an fi kiransa repetisiyon, daga Faransanci, wato maimaici. Akan yi shi da yamma, ko ranar Laraba da ake tashi da wuri, ko Asabar. Wani lokaci a cikin aji ne, wani lokaci a zaure ko gindin darbejiya.

Firamare a tsarin Faransanci shekara 6 ce: SIL, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, wato aji ɗaya zuwa aji shida. A ƙarshe ɗalibi yana zana jarrabawar kammala firamare, CEP, da ta shiga sakandare. Tun shekarar 2000 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a firamarenta, yara suka yi ta tururuwa, amma malamai da azuzuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa suna cikin waɗanda gwamnati ta ware domin ba su fifiko a harkar ilimi. A makarantu da dama ƙungiyar iyaye, APEE, ita ke ɗaukar wasu malamai tana biyansu daga karo-karo. Hare-haren Boko Haram kuma, tun daga 2014, sun rufe makarantu a kan iyaka da Najeriya.

Babbar matsalar dai harshe ce. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, da Fillanci a kasuwa, ran da ya shiga SIL sai ya tarar da Faransanci, ana so ya koyi karatu da harshen da bai ji ba. Rubutun ma ba ya bin furuci: sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, au ko eau. Sai yaro ya koma ga hadda, abin da makarantar allo ta riga ta goge shi a kai. Zai rera shafi guda ba gargada, amma a nuna masa kalma ɗaya a tsakiya, sai ya yi zuru. Malamin da ya san aikinsa yakan ajiye littafin ajin, ya koma kan baƙaƙe da gaɓoɓi, kowane yaro da ƙaramin allonsa da alli, ya rubuta ya ɗaga sama a duba.

Lissafi ma haka. Faransanci yana kiran 80 da "huɗu-ashirin", 90 kuma "huɗu-ashirin-goma", har yaro ya ji shifta ya rubuta 4, 20, 10 a jere. Abin mamaki, yarinyar da ke tallan ƙosai tana ƙirga kuɗi da dala, kowace dala sefa 5, ta san dala ashirin ita ce 100, ba ta kuskuren canji. Ninkin biyar yana kanta, takarda ce kawai ta hana. Darasin da ya fara da tsabar kuɗi, tsakuwa ko murafen kwalba kafin a je ga alƙaluma ya fi saurin kama irin waɗannan yara. Shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ya gwada fara koyarwa da harsunan gida a wasu makarantun Kamaru, Fillanci na ciki.

Yawancin iyaye sai yaro ya kai CM2, jarrabawa ta ƙarato, suke neman mai darasi, alhali giɓin tun daga CP ya faro. Kuɗin wata-wata kuma yana tsame 'ya'yan talakawa, musamman 'yan mata da aikin gida da talla ke cinye yammacinsu. Akwai kuma ƙorafin da ake yi kan malamin da ke karɓar kuɗin darasi daga ɗaliban ajinsa, cewa yakan rage wani abu da safe don ya sayar da shi da yamma.