Sojan gona a Amurka: wace ƙarya doka take kamawa, wacce take ƙyalewa?

Duk mai yawo a YouTube ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba, mutum sanye da kakin soja ƙirji cike da lambobin yabo yana tsaye a kanti ko filin jirgi, sai wani ya tare shi da waya a hannu yana jero masa tambaya, wace bataliya ka yi, wa ye kwamandanku, a ina aka horar da kai, shi kuma ya kama in'ina, mai ɗaukar bidiyon murya na rawa saboda fushi. Can suna kiran abin Stolen Valor, wato satar jarumta. Yawancin masu kallo sun ɗauka da an bankaɗo mutum haka shi ke nan sai gidan yari. To ba haka dokar take ba, kuma yadda aka yi ta zama ba haka ba shi ne abin da ya kamata a fahimta.

Sunan ya samo asali ne daga littafin da wani tsohon sojan yaƙin Biyetnam, B.G. Burkett, ya rubuta tare da 'yar jarida Glenna Whitley a 1998, inda suka bi takardun aiki suka tona mutane da yawa masu cewa sun yi yaƙin alhali ko ƙasar ba su taɓa takawa ba. Damuwar kuma ta girmi littafin nesa ba kusa ba, tun 1782 da George Washington ya ƙirƙiro lambar yabon da daga baya ta zama Purple Heart, wadda ake ba sojan da aka ji wa rauni ko aka kashe a yaƙi, ya yi gargaɗin cewa duk wanda ya yi ƙarfin halin maƙala lambar da bai cancanta ba za a hukunta shi da tsanani.

A Disambar 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar farko, Stolen Valor Act ta 2005, lokacin yaƙin Iraƙi da na Afganistan suna kan ganiyarsu, ana ta dawo da gawarwaki da masu rauni. Dokar nan ba ta da wani kwana-kwana. In ka faɗa da baki ko ka rubuta cewa an ba ka wata lambar yabo ta soja alhali ƙarya ne, ka yi laifi, ɗaurin da zai iya kai wata 6, in kuma manyan lambobin ne irin Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma a sojan Amurka, ya kai shekara 1. Ba sai ka ci ko sisin kowa ba. Ƙaryar kanta ita ce laifin.

Sai ga Xavier Alvarez. An zaɓe shi cikin hukumar kula da ruwan sha ta wani yanki a Kalifoniya, a 2007 ya miƙe a taron hukumar zai gabatar da kansa, ya ce shi tsohon sojan kundumbala na Marine ne, shekara 25 ya yi yana aiki, a 1987 aka ba shi Medal of Honor, an kuma ji masa rauni sau da yawa. Ko kwana ɗaya bai taɓa yi a soja ba. Mutumin da ma ƙarya ta zame masa jiki, ya taɓa cewa ya buga wasan hoki na kan ƙanƙara a ƙungiyar Detroit Red Wings, ya taɓa cewa ya auri wata tauraruwar fim ta Meziko. Aka gurfanar da shi, ya amsa laifi amma ya riƙe haƙƙinsa na ƙalubalantar dokar, aka ci shi tarar dala 5,000 da aikin al'umma da sa ido na shekara 3. Shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli.

Ranar 28 ga Yunin 2012 alƙalai 6 cikin 9 suka soke dokar. Babu wanda ya wanke Alvarez a cikinsu fa, kowa ya yarda maƙaryaci ne kuma abin da ya yi abin ƙyama ne. Abin da suka duba shi ne gyara na farko na tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana gwamnati tauye 'yancin magana. Mai shari'a Anthony Kennedy ya yi bayanin cewa akwai ƙaryar da doka ta daɗe tana hukuntawa, zamba, ɓata suna, shaidar zur a kotu, ƙarya ga jami'in gwamnati a bakin aiki, amma kowacce a cikinsu akwai cutar da take jawowa wadda ake iya nunawa. Ita wannan doka kuwa ta kama magana ko'ina aka yi ta, ko a cikin ɗakinka ne ka raɗa wa wani, ba tare da an nuna ka cuci kowa ba, kuma in aka bar gwamnati ta yi haka a kan lambar yabo, gobe za ta iya jero wasu batutuwan ta ce duk wanda ya yi ƙarya a kansu a ɗaure shi. Ya ce maganin maganar ƙarya shi ne maganar gaskiya, gwamnati ta buɗe rumbun sunayen waɗanda aka ba lambobin kowa ya iya dubawa. Wata guda bai cika ba ma'aikatar tsaro ta buɗe shafin intanet mai ɗauke da sunayen masu manyan lambobin.

Mai shari'a Samuel Alito da Antonin Scalia da Clarence Thomas ba su yarda ba, kuma gaskiya hujjarsu ba ta wasa ba ce. Alito ya ce ƙaryar nan tana cutarwa ko ba a karɓi kuɗi ba, don tana zubar da darajar lambar kamar yadda jabun kaya ke karya darajar na asali a kasuwa, har a wayi gari mai lambar gaskiya in ya faɗa ana masa kallon tuhuma. Ya kawo misalin cewa a cikin shekara guda sama da mutum 600 a jihar Bajiniya kaɗai sun yi iƙirarin suna da Medal of Honor, lambar da tun yaƙin basasar Amurka zuwa yau mutum 3,500 da 'yan kai kawai aka ba, da yawansu ma sai bayan sun mutu aka miƙa wa iyalansu.

Majalisa ta koma ta sake rubutu, Shugaba Barack Obama ya sa hannu ranar 3 ga Yunin 2013, kuma wannan ita ce dokar da ke aiki yanzu. Abu biyu sai sun haɗu kafin a kama ka. Na farko ka yi ƙaryar cewa an ba ka ɗaya daga cikin lambobin da dokar ta lissafa, su Medal of Honor, Distinguished Service Cross, Navy Cross, Air Force Cross, Silver Star, Purple Heart, da bajojin da ke nuna mutum ya shiga fagen daga. Na biyu ka yi ta da niyyar samun kuɗi ko dukiya ko wani amfani na zahiri, aiki, kwangila, tallafi, rangwame, magani kyauta. Hukuncin tara ne ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun.

Ke nan wanda ya zauna a majalisar hira yana zuba cewa ya yi yaƙi a Falluja ta Iraƙi don a yi masa kallon namiji, wannan dokar ta tarayya ba ta taɓa shi. Ko cewa kawai "na yi soja" ba ya cikinta, lambobin yabo ta ambata. Shi ya sa jihohi irin su Texas da New Jersey da Pennsylvania suka yi nasu dokokin da suka haɗa da ƙaryar yin aikin soja in don cin wata riba ce. Sa kakin soja ba izini shi ma yana da tasa tsohuwar dokar daban, ɗaurin har wata 6, amma an cire 'yan wasan kwaikwayo.

A aikace ma manyan 'yan sojan gonar ba da wannan dokar kaɗai ake ɗaure su ba, shekara 1 ta yi kaɗan, dokokin zamba ake haɗa musu. Dubi Sarah Cavanaugh ta jihar Rhode Island. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a asibitin tsofaffin sojoji, ba ta taɓa shiga soja ba, amma ta yi shekaru tana cewa ita tsohuwar Marine ce da bam ya ji wa rauni a Iraƙi, tana da Purple Heart, kuma wai ciwon daji na cinta. Takardun marasa lafiyar da aka ba ta amanarsu ta kwafa ta sa sunanta, har da na wani tsohon soja mai ciwon dajin gaske, ta karɓi sama da dala 250,000 daga ƙungiyoyin agaji da mutanen da suka tausaya mata, har shugabar reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji aka yi ta. A Maris 2023 aka yanke mata wata 70. Wallahi duk wanda ya karanta labarin nan zai gane me ya sa tsofaffin sojoji ba sa ɗaukar abin da wasa, kuɗin da ta ci na wani ne da ya rasa ƙafa yana jiran layi.

Amma fushinsu ya wuce maganar kuɗi, kuma nan ne doka ta gaza kaiwa. Purple Heart ba a ba mutum sai jininsa ya zuba ko ya mutu. Wanda ke da ita sau da yawa ranar da ya same ta ita ce rana mafi muni a rayuwarsa, ranar da abokinsa na gefe bai tashi ba, shi ya sa za ka ji suna cewa lambar ba tasu ba ce, ta waɗanda ba su dawo ba ce, suna riƙe musu ne kawai. Galibinsu ba sa son ba da labarin ma, sai an matsa. To ka ga mutum irin wannan ya shiga wuri ya tarar da wani yana ba da labarin yaƙi tiryan-tiryan ana tafa masa. Sojojin Biyetnam kuma suna da ƙarin ciwo, sun dawo gida ba a yi musu maraba ba, sannan 'yan ƙarya suka cika talabijin suna ba da labarin ta'asar da ba su gani ba, jama'a suka ɗauka haka duk sojojin suke. Nauyin abin a cikin gidan soja kansa ya kai a 1996 babban hafsan sojan ruwa, Admiral Jeremy Boorda, ya kashe kansa lokacin da 'yan jarida ke shirin tambayarsa kan wasu ƙananan alamomin jarumta biyu da ya taɓa maƙalawa, mutumin da ya fara daga kurtu ya kai ƙololuwa.

Da kotu ta ce maganin ƙarya gaskiya ce, tsofaffin sojoji sai suka ɗauki aikin da kansu. Don Shipley, tsohon sojan ruwa na rundunar musamman ta SEAL, ya yi suna wajen tona masu ƙaryar su 'yan rundunar ne, tambayarsa ta farko ita ce lambar ajin horonka, don babu ɗan SEAL na gaske da zai manta ta kuma akwai rajistar duk wanda ya gama. Kowane soja in ya bar aiki ana ba shi takardar sallama mai suna DD-214, kuma kowa na iya rubutawa cibiyar adana takardun ma'aikata da ke St. Louis ya nemi taƙaitaccen tarihin aikin mutum.

Ni a ganina layin da dokar 2013 ta ja daidai ne, duk da na san yana yi wa masu abin zafi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tare mutum a titi da kyamara kafin a bincika. An sha kuskure. A 2015 a Harrisburg ta jihar Pennsylvania an tsare wani dattijo ɗan shekara 75 a bainar jama'a ana ce masa ɗan ƙarya saboda kakinsa bai yi kama da na yanzu ba, ashe tsohon Marine ne na gaske. Mata tsofaffin sojoji suna yawan shan irin wannan tuhuma don kawai mata ne. Ga kuma gobarar 1973 a cibiyar St. Louis ɗin nan da ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, yawanci na sojan ƙasa da na sama, saboda haka rashin ganin sunan tsoho a takarda ba ya nufin ƙarya yake. Wasu masu sa kakin kuma marasa lafiyar ƙwaƙwalwa ne, asibiti suke buƙata ba miliyoyin masu kallo ba.

Sauran ƙasashe kowa da tasa hanyar. Kanada ta bar abin a matsayin laifi a sashe na 419 na kundin laifukanta, sa kaki ko lambar da ba taka ba ya isa. Ingila tana da irin wannan a dokar sojanta ta 1955, dokar 2006 ta shafe shi, yunƙurin dawo da shi a majalisa a 2016 bai kai labari ba, sai dai in an ci kuɗi a bi mutum da dokar zamba. A Najeriya kuwa sojan gona ba tafi yake nema ba, kakin shi ne makaminsa, ya tare hanya ya karɓi kuɗi, ya mari direba, ya damfari masu neman shiga soja, shi ya sa doka a nan ta fi kallon kakin da shigar burtu fiye da lambar yabo. Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya haramta yin shigar ma'aikacin gwamnati da sa kayan aikinsa don yaudara, Criminal Code na Kudu ma haka, sai dai hukuncin sa kakin soja ba izini a sashe na 110 na Criminal Code ɗin ɗaurin wata 1 ne ko tarar naira 10, ya kamata a ce majalisa ta gyara wannan tun tuni.