Fred Hoiberg

Fred Hoiberg tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ne na Amurka wanda ya koma koci. An haife shi ranar 15 ga Oktoba 1972 a Lincoln, jihar Nebraska, amma a Ames ta jihar Iowa ya tashi, inda mahaifinsa ke koyarwa a Jami'ar Iowa State. A wannan gari ya yi sakandare, ya yi jami'a, kuma a nan aka fara damƙa masa ƙungiya.

Daga sakandare zuwa NBA

Tun yana yaro yake ɗauko wa 'yan wasan Iowa State ƙwallo a gefen fili. A 1991 ya jagoranci makarantar sakandaren Ames ta ci kofin jiha, aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon kwando na sakandaren Iowa baki ɗaya. Ya iya ƙwallon ƙafar Amurka har Jami'ar Nebraska ta neme shi dominta, amma ya zaɓi ya zauna a gida. A shekaru huɗu da ya yi wa Iowa State wasa, daga 1991 zuwa 1995, ya tara maki 1,993. Farin jininsa ya sa aka yi masa laƙabi da Magajin Gari, kuma a zaɓen magajin garin Ames na 1993 wasu sun rubuta sunansa a takardar ƙuri'a alhali bai tsaya takara ba. Jami'ar ta jingine lambar rigarsa, 32, ba a ƙara ba kowa ita.

Ƙungiyar Indiana Pacers ta NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ta ɗauke shi a matsayi na 52 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1995. Shekara goma ya yi a NBA: huɗu a Indiana, huɗu a Chicago Bulls, biyu a Minnesota Timberwolves, galibi daga benci yake shiga. Jifa daga nesa ita ce sana'arsa. A kakar 2004-05 babu wanda ya kai shi saiti a jifa mai maki uku, wato wadda ake yi daga bayan layin nesa, domin kashi 48.3 cikin ɗari na jifansa sun faɗa kwando. A ƙarshen wannan kaka likitoci suka yi masa tiyata saboda kumburin tushen babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, aka kuma sanya masa na'urar daidaita bugun zuciya. A 2006 ya ajiye wasa.

Yadda ya gina Iowa State

Bai bi hanyar da aka saba ba, wato a fara da mataimakin koci. Ofishin Timberwolves ya shiga, yana tantance 'yan wasa da harhaɗa ƙungiya. Da Iowa State ta naɗa shi a Afrilun 2010, bai taɓa zama babban kocin wata jami'a ko ƙungiyar ƙwararru ba, har wasu suka ɗauka don a cika ɗakin wasa aka kawo ɗan gari.

Abin da ya koya a ofis shi ya fisshe shi. Ames ba ta iya jan manyan taurarin sakandare, sai ya koma kan waɗanda zama bai yi musu daɗi a wasu jami'o'i ba. Dokar lokacin ta ce wanda ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda ba wasa, shi ya sa koci da yawa ba sa son ɓata gurbi a kansu. Hoiberg ya karɓi Royce White daga Minnesota, Chris Allen daga Michigan State, Chris Babb daga Penn State, ya bar su suna atisaye shekara guda. Kakar farko ya ci 16 aka ci shi 16. Ta biyu, da suka fara bugawa, ya ci 23 aka ci shi 11.

Salon wasansa lissafi ne. Jifa goma mai maki biyu, in biyar suka shiga, maki 10 ke nan. Jifa goma mai maki uku, in huɗu suka shiga, maki 12. Don haka yakan baza masu saiti huɗu ko biyar a bayan layi, a bar ƙarƙashin kwando fayau, a kai hari kafin abokan hamayya su koma su jeru. Dogon ɗan wasa mai iya raba ƙwallo, kamar White ko Georges Niang, shi ke kitsa harin daga tsakiya. Idan mai tsaro ya bar mutuminsa ya zo taimako, a miƙa wa wanda aka bari. Raunin salon shi ne ranar da saiti ya ƙi, sai a rasa na kamawa, ga ƙarancin dogaye masu kwaso ƙwallon da ta dawo daga kwando. Haka Jami'ar Alabama da ke Birmingham (UAB) ta fitar da su a wasan farko na gasar NCAA ta 2015, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'in Amurka, duk da an ɗauke su cikin manya.

A shekara biyar ya ci wasa 115 aka ci shi 56, ya kai ƙungiyar gasar NCAA sau huɗu a jere, ya ɗauki kofin Big 12, rukunin jami'o'in da Iowa State ke bugawa a ciki, a 2014 da 2015.

Chicago da Nebraska

A Yunin 2015, bayan tiyatar zuciya ta biyu, Bulls ta ɗauke shi ya gaji Tom Thibodeau. A can ba shi ke zaɓen 'yan wasa ba. A 2016 aka haɗa masa Dwyane Wade da Rajon Rondo da Jimmy Butler, dukkansu masu son riƙe ƙwallo su kutsa ciki, babu gwanin jifa daga nesa a cikinsu. Masu tsaro sai su ja baya su cunkushe ƙarƙashin kwando, filin da salon ke buƙata ya toshe. Tun kafin nan ma Butler ya fito fili ya ce kocin ba ya matsa musu yadda ya kamata. An sallame shi a Disamban 2018 bayan ya ci wasa 5 kacal cikin 24.

A Maris 2019 ya karɓi Jami'ar Nebraska, ƙungiyar da kakansa Jerry Bush ya horar daga 1954 zuwa 1963. Farkon ya yi tsami: nasara 7, 7, sannan 10 a kaka uku. A 2021 kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke zaman shekara guda, kowane koci ya shiga farautar masu sauya jami'a. Sai a kakar 2023-24 ya ci 23 ya koma gasar NCAA, da ɗan Japan mai saiti Keisei Tominaga a gaba, da ɗansa Sam Hoiberg yana shigowa daga benci.