Ma'anar Jantirifikeshan: Idan Gyaran Unguwa Ya Fi Ƙarfin Mazaunanta

A duk lokacin da maganar gyara tsofaffin unguwannin tsakiyar birni ta taso, akwai wata kalma da masana tsarin birane da 'yan jarida da masu fafutukar kare 'yan haya suke yawan ambata, wato jantirifikeshan. Abin da ake nufi da ita shi ne yanayin da unguwar talakawa da masu ƙaramin ƙarfi take sauya hannu sannu a hankali: masu hali su shigo su sayi gidaje, su gyara su ko su rushe su sake gini, farashin ƙasa da kuɗin haya su tashi, har a wayi gari mutanen da aka binne cibiyarsu a wurin ba sa iya zama a cikinsa. Unguwar tana nan da sunanta, ta ma fi dā kyan gani, amma jama'ar da ke cikinta wasu ne daban.

Ya kamata a raba ta da abin da gwamnatoci suke kira sabunta birni, domin mutane kan haɗa su wuri guda. Sabunta birni aiki ne da hukuma take shiryawa da gangan, kamar faɗaɗa titi, gina magudanan ruwa, sake gina kasuwa ko rushe gine-ginen da suka lalace. Ita kuwa jantirifikeshan sakamako ce, tana bayyana wanda ya ci moriyar gyaran da wanda ya tattara kayansa ya bar unguwar. Ana iya gyara unguwa mutanenta su ci gaba da zama, kuma ana iya tashin mutanen unguwa kakaf ba tare da katafila ta taɓa bangon kowa ba, tsada kaɗai ta isa ta yi wannan aikin.

Wadda ta fara amfani da kalmar ita ce Ruth Glass, masaniyar halayyar zaman jama'a, haifaffiyar birnin Balin na Jamus da ta zauna a Ingila, kuma a shekarar 1964 ta yi amfani da ita wajen bayyana abin da take gani a Landan. Ta ɗauko ta ne daga sunan da ake kiran wani rukunin masu ƙasa da asali a karkarar Ingila, waɗanda darajarsu take ƙasa da ta masu sarauta amma ta zarce ta talaka. Abin da ta lura da shi a unguwanni irin su Islington shi ne, ƙananan gidajen leburori suna komawa hannun ma'aikata masu albashi mai kauri da zarar wa'adin hayarsu ya ƙare, sannan manyan tsofaffin gidaje da aka daɗe da yayyanka su ɗaki-ɗaki ana ba talakawa haya, an sake haɗe su sun zama gidan mutum ɗaya. Dokar haya ta 1957 ta taimaka wa lamarin, domin ta tanadi cewa idan tsohon ɗan haya ya fita, ƙayyadajjen kuɗin hayar da hukuma ta sa wa wurin ya faɗi, mai gida yana iya neman abin da ya ga dama. Daga nan masu gidaje suka shiga dabarun fitar da mutane, wani a ba shi 'yan kuɗi ya tashi, wani a ƙi gyara masa rufi da famfo har zama ya gagare shi.

Me ya sa tsofaffin unguwannin tsakiyar gari ne abin ya fi shafa? Amsar da ta fi shahara ita ce ta Neil Smith, masanin labarin ƙasa, wanda ya gabatar da ita a 1979 da sunan giɓin haya. Bayaninsa shi ne, kowane fili yana da kuɗin da yake kawowa a halin da yake ciki, yana kuma da kuɗin da zai iya kawowa idan an yi masa amfanin da ya fi riba. Gini yana tsufa darajarsa tana raguwa, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa, saboda kusancinta da kasuwa da ofisoshi da manyan tituna, kullum ƙara daraja take yi. Idan tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta yi faɗin da mai jari zai sayi gidan, ya rushe, ya gina, kuma ya fita da riba, to babu abin da zai hana kuɗi kwarara zuwa wurin. Wannan ne ya sa sau da yawa unguwar da aka fi yin watsi da ita shekara da shekaru ita ce ake fara rububi a kanta. Wasu masanan sun fi ba da ƙarfi ga sauyin sha'awar mutane, wato matasan ma'aikata da suka gaji da doguwar tafiya daga bayan gari suka fara son zama kusa da wurin aiki. A ganina bayanan biyu ba sa karo da juna, sai dai na farkon ya fi dacewa da abin da ake gani a biranenmu.

Duk wanda ya san unguwannin da ke kewaye da manyan kasuwannin Kano, kamar Kantin Kwari da Singa da Ƙofar Wambai, ya ga yadda gidajen zama suke komawa filaza da sito. Galibi daga rasuwar maigida abin yake farawa. Ga gidan ƙasa mai soro da sassa da dama, ga magada sun kai 12, ga matan mamaci da za a fitar wa tumunin takaba, kuma gidan ba ya rabuwa yadda kowa zai sami wurin da zai zauna. Tun ba a share makoki ba dillalai sun fara zarya. Kuɗin da ɗan kasuwa zai taya ya ninka abin da ɗan uwa ko maƙwabci zai iya bayarwa, domin maƙwabci wurin kwana yake saye, shi kuwa ɗan kasuwa shaguna 40 yake hangowa a bene mai hawa uku. Shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancantar sayen kason da ɗan uwansa ya sayar, amma sai ya biya farashin da baƙon ya biya, kuma wannan farashin ne ya fi ƙarfinsa. Haka za a sallama, a ba dillali la'adarsa, a raba kuɗi. Kason kowa yana da yawa a ido, amma ba zai sayi ko ɗaki biyu a layin da aka haife shi ba, sai dai fuloti a awon igiya can wajen Rimin Kebe ko Bachirawa ko Gaida, inda babu kwalbati balle ruwan famfo.

Wannan bai yi daidai da abin da Glass ta gani ta kowace fuska ba, tun da a nan shaguna ne suke maye gurbin mutane, ba iyalan masu albashi ba, kuma masana suna kiran irinsa jantirifikeshan na kasuwanci. Amma injin da ke tuƙa shi ɗaya ne, kuma wanda yake ɗanɗana kuɗarsa ɗaya ne.

Magada dai sun tashi da wani abu a hannu. Wanda ba a lissafa shi ko kaɗan shi ne ɗan haya: telan da ya yi shekaru a shagon ƙofar gida, bazawarar da take kama ɗaki ɗaya tana sayar da ƙosai a bakin lungu, malamin allon da yake karantarwa a soro. Su takardar tashi kawai suke samu. Kuma abin da suke rasawa ya wuce ɗaki, domin talaka a birni da maƙwabtaka yake rayuwa. Mai shagon da ke ba shi bashin garin masara har ƙarshen wata ya san shi ne shekara 20, adashin matarsa a cikin layin yake, kwastomominsa 'yan unguwar ne, wurin sana'arsa da ƙafa yake zuwa. Idan ya koma bayan gari, kuɗin A Daidaita Sahu na zuwa da dawowa kullum yakan cinye rarar da ya samu a haya, yara kuma a cire su daga makarantar da suka saba. Babu wata takardar ciniki da ake rubuta wannan asarar a cikinta.

Akwai kuma nau'in da hukuma ce take yin gaba, kasuwa ta biyo baya, kuma shi ne ya fi muni. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ƙarƙashin Kanar Raji Rasaki ta ba mutanen unguwar Maroko da ke Legas wa'adin kwana bakwai, sannan ta rushe unguwar, aka ƙiyasta waɗanda suka rasa matsuguni da kusan mutum 300,000. Hujjar da aka bayar ita ce ambaliya da rashin tsafta. Daga baya aka cike wurin da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a Nijeriya, tsakanin Victoria Island da Lekki. A Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six da ke tsakiyar Cape Town a matsayin ta farar fata zalla a 1966, aka kwashe fiye da mutum 60,000 zuwa bayan gari. A Nijeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke izinin mallaka saboda maslahar jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka, ba ta farashin filin a kasuwa ba. Saboda haka mai tsohon gidan ƙasa a wuri mai tsada shi ne yake karɓar diyya mafi ƙanƙanta, alhali wurinsa ne ya fi daraja.

Adalci ne a faɗi cewa lamarin yana da masu kare shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Tsofaffin unguwanni da yawa suna cikin halin da bai kamata a yi alfahari da shi ba: lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, kwatamin da ke kawo kwalara duk damina, katangun da ke ruftawa kan yara. Kuɗin da ke shigowa yana kawo gyara da aikin yi da haraji, kuma mai gidan da ya sayar da son ransa ba a zalunce shi ba. Har ma wani bincike da masana biyu, Lance Freeman da Frank Braconi, suka yi a New York, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa talakawan da ke unguwannin da ke tashi ba su fi na sauran unguwanni yawan ƙaura ba. Sai dai New York tana da dokokin ƙayyade haya da gidajen gwamnati da suke riƙe mutane a wurinsu, abin da mafi yawan 'yan haya a Kano ko Legas ba su da shi. Sannan akwai abin da Peter Marcuse, masanin tsarin birane, ya ja hankali a kai tun a shekarun 1980, cewa kora ba ta tsaya ga wanda aka fitar ba. Idan talaka ya bar ɗaki don kansa, amma wani talakan bai iya shiga ba saboda an ninka kuɗin, ƙofar unguwar ta rufe ga irinsu ko da ba a kori kowa ba, kuma ƙidayar masu ƙaura ba ta iya ganin wannan.

Abin da ya sa nake ganin sanin kalmar yana da amfani shi ne, tana tilasta a yi tambayar da zanen injiniya ba ya amsawa: bayan an gama aikin, su wa za su zauna a nan? An sami wuraren da aka amsa ta tun kafin a fara. A Jakarta ta Indonesiya an fara wani shiri a 1969 na gyara unguwannin talakawa a inda suke, aka shimfiɗa hanyoyin ƙafa da magudanai da famfunan jama'a ba tare da an tashi mazauna ba. Faransa ta yi doka a 2000 da ta wajabta wa manyan garuruwa kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama masu rahusa, aka ɗaga zuwa 25 a 2013 a wuraren da buƙata ta fi yawa. Hukumar birnin Biyana ta Ostiriya ta mallaki gidaje kusan 220,000 da take bayarwa haya, lamarin da ya sa masu gidajen kasuwa ba sa cin karensu babu babbaka. Ba kowace dabara ce take tsayawa ba, domin dokar daskarar da kuɗin haya da Balin ta kafa a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke ta a watan Afrilun 2021, bisa hujjar cewa hurumin gwamnatin tarayya ne.

Tambayar tana nan a gaban zangunan Ghana a yau. Nima da Maamobi a Akara, inda Hausa ita ce harshen kasuwa da masallaci, suna zaune ne a tsakiyar birni, kusa da fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama da unguwannin masu kuɗi, wato giɓin da Smith ya bayyana ya yi faɗi matuƙa a wurin. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya unguwannin cikin gari da zanguna tare da asusun raya zango, an kuma sha yin maganar sake gina Nima da dogayen benaye. Mafi yawan mazauna irin waɗannan gidaje 'yan haya ne da dangi da suke zaune ɗaki-ɗaki, kuma sunan mutum ɗaya ne, ko na kakan da ya daɗe da rasuwa, yake kan takardar fili idan ma akwai takardar. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla da masu takarda kaɗai za ta bar yawancin mutanen Nima a waje, don haka abin da ya kamata shugabannin zango su nema kafin a sa hannu shi ne a ƙidaya kowane mai kwana a kowane ɗaki, mai gida da ɗan haya, a rubuta inda zai zauna yayin gini da kuɗin hayar da zai biya idan ya dawo.