Wane ne "ɗan gida" a dokar ƙwallon ƙafa?

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai, musu ɗaya ne ke dawowa gidajen kallon ƙwallo na Kano. A wanda nake zuwa a Fagge, wani magoyin bayan Manchester City ya taɓa tambayar dattijon da ke karɓar kuɗin shiga: "Baba, don Allah me ya sa ƙungiya mai kuɗi haka take riƙe da Scott Carson, gola na uku, ya kusa shekara 40, kuma ba a sa shi?" Dattijon ya ce, "Ai ɗan gida ne, yaro." Sai wani daga baya ya ce, "To, Bature ne ɗan Ingila ke nan." Nan aka rabu biyu. Amsar dattijon daidai ce, amma fassarar da aka yi mata ba daidai ba ce, kuma wannan kuskuren ya yaɗu ƙwarai a cikinmu.

A dokar ƙwallo, ɗan gida ba shi ne wanda aka haifa a ƙasa ba, ba kuma wanda ke riƙe da fasfonta ba. Shi ne wanda aka rena a ƙasar yana yaro, sunansa na cikin rajistar wata ƙungiya tata. Da za a bi ta tawa, da "renon gida" muka riƙa cewa, don ya fi kusa da abin da ake nufi.

A gasar Firimiya ta Ingila dokar ta fara aiki a kakar 2010/11. Kowace ƙungiya tana miƙa sunayen manyan 'yan wasa da ba su wuce 25 ba, kuma waɗanda ba 'yan gida ba kada su haura 17. Wanda ya yi kaka uku, ko wata 36, a rajistar wata ƙungiya ta Ingila ko Wales kafin ya cika shekara 21, ko kafin ƙarshen kakar da ya cika 21 ɗin, shi ne ɗan gida. Mutane kan ce dole ne a samu takwas. Ba dole ba ne. In shida kake da su, ba wanda zai ci ka tara, sai dai jerinka ya tsaya a 23. Yara 'yan ƙasa da 21 kuwa ba a ƙirga su cikin 25 ɗin, ko nawa ne kana iya sa su.

Shi ya sa Cesc Fabregas, ɗan Sifaniya, ɗan gida ne a Ingila: yana shekara 16 ya zo Arsenal a 2003. Paul Pogba, ɗan Faransa, haka, don ya zauna a Manchester United daga 2009 zuwa 2012. Alex Iwobi a Legas aka haife shi, Najeriya yake buga wa, amma renon Arsenal ne. Shi kuwa Eric Dier, wanda ya sa rigar Ingila har a gasar cin kofin duniya, bai samu wannan matsayi ba, domin a Sporting ta Fotugal ya tashi, sai da ya kai 20 ya zo Tottenham.

Hukumar ƙwallon Turai ta riga Ingila, tun kakar 2006/07, kuma tata ta fi tsauri. A gasar Zakarun Turai gurbi takwas cikin 25 na 'yan gida ne, shekarun da ake dubawa daga 15 zuwa 21, sannan aƙalla huɗu daga cikin takwas ɗin sai dai ƙungiyar da kanta ta rene su. Ba za ka cike waɗannan huɗun da yaran maƙwabta ba. Asalin abin yana komawa 1995, lokacin da kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Jean-Marc Bosman, ɗan wasan Beljiyam. Hukuncin ya hana a ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya bisa ƙasarsu. Tunda an toshe ƙofar tambayar "ɗan ina ne?", sai hukumomi suka buɗe wata: "ina aka rene shi?"

Abin da dokar ta haifar a kasuwa kowa yana gani. Ɗan gida ya yi tsada, don kayan da ake nema ne kuma ba su da yawa. Gola na uku wanda ba zai buga ba, gara a ɗauko ɗan gida a ba shi gurbin, a bar guraben nan 17 ga waɗanda aka sayo daga waje. Amsar tambayar saurayin nan na Fagge ke nan.

Akwai kuma wani juyi da ya fi damuna. A Ingila, a 2023 da 2024, doka ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma Everton ta ɗanɗana kuɗarta a 2023 da aka zaftare mata maki. To, ga yadda akawu ke lissafi. In ka sayi ɗan wasa fam miliyan 50 da kwantiragin shekara biyar, miliyan 10 ake rubuta maka kowace shekara. In kuwa ka sayar da yaron da ka rena da kanka, wanda ba ka saye shi ko kwabo ba, duk kuɗin riba ce zalla, kuma nan take take shiga littafi. Chelsea ta sayar da Mason Mount a 2023, ta sayar da Conor Gallagher a 2024, dukansu tun suna ƙanana suke gidan. Newcastle ta rabu da Elliot Anderson a 2024 ana gab da rufe lissafin shekara. Dokar da aka kafa don yaron gida ya samu wurin bugawa, ta haɗu da wata dokar, ta mai da shi ragon da ake kiwo don ranar buƙata. Ina ganin wannan bai yi wa yaran adalci ba, bai kuma yi wa magoya bayan da suka ga tasowarsu ba.

Amurka tata hanyar daban ce. Gasarsu ta MLS tana da iyakar albashi, kuma sabbin 'yan wasa bisa al'ada ta hanyar zaɓe ake raba su. Tun 2008 aka ba ƙungiya damar ɗaukar yaron makarantarta kai tsaye ba tare da ya bi ta zaɓen ba. Ta nan Alphonso Davies, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira a Ghana, ya fito daga Vancouver, ƙungiyar Kanada da ke buga gasar MLS, ya tafi Bayern Munich.

To mu fa? Ina yaron da ke buga ƙwallo da yamma a filin Mahaha, ko a wani fili mai ƙura a Kurna ko Dorayi, yake tsaye cikin wannan lissafi?

Gabansa akwai katanga, ita ce sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa. Ba a ɗauke yaro daga ƙasa zuwa ƙasa sai ya cika 18. Akwai togaciya kaɗan: in iyayensa sun yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko yana zaune dab da kan iyaka, ko kuma tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai, inda ake yarda daga shekara 16. Ba wasa ake da dokar ba, don an hana Barcelona sayen 'yan wasa a kanta a 2014, an hana Chelsea a 2019. Ta waccan ƙofar ta 16 Fabregas da Pogba suka shiga Ingila, kuma tun da Ingila ta fice daga Tarayyar, daga farkon 2021, ita ma ƙofar ta rufe mata.

Mun ga wannan da idonmu a nan. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/10, yana ɗan shekara 17. VVV-Venlo ta Holan ta neme shi a 2010, amma sai da ya cika 18 a watan Oktoba aka bari ya buga mata. Victor Osimhen ya ci 10 a gasar 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, duniya ta gan shi, amma sai Janairun 2017 ya zama ɗan wasan Wolfsburg.

Yanzu a haɗa dokokin biyu. Ba ka fita kafin 18, kuma kaka uku ake so kafin 21. Taga ce ƙarama ƙwarai. Gabriel Martinelli ya shige ta, don yana 18 ya zo Arsenal daga Brazil a 2019. Amma yaron Najeriya da wuya ya sauka Ingila kai tsaye a wannan shekarun, saboda takardar izinin aiki tana duba wasannin da ka buga wa ƙasarka da darajar gasar da ka fito. Shi ya sa hanyarmu takan bi ta Beljiyam, Holan, Norway ko Denmark. Wilfred Ndidi Genk ya fara zuwa a 2015, Leicester sai 2017. Duk iyawarsa, a takarda baƙo ne, yana cin ɗaya daga guraben 17. Ma'ana, yaronmu ba zai wadatu da yin daidai da yaron Landan ba. Sai ya fi shi nesa ba kusa ba kafin a ba shi gurbi.

Ban ce a soke sashe na 19 ba. Duk wanda ya ga yadda wasu dillalai ke karɓar kuɗin iyaye, har a sayar da fili ko Adaidaita, a kai yaro wata ƙasa a yasar da shi a ɗakin otal, ya san dalilin dokar. In wani ya zo ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 wata babbar ƙungiya a Turai ta sa masa hannu, ko dai bai san doka ba, ko ya santa yana ɓoye maka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a cikin dokokin nan akwai rabonmu, muna barinsa a ƙasa. FIFA ta tanadi kuɗi iri biyu ga waɗanda suka yi reno. Na farko diyyar horarwa, ana biyanta kan shekarun da aka yi ana koyar da yaro daga 12 zuwa 21, idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre ko ya sauya ƙasa kafin ya wuce 23. Na biyu kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa idan ya tashi daga ƙasa zuwa ƙasa, ana raba wa duk ƙungiyoyin da suka riƙe shi tsakanin 12 da 23. A ce an sayar da shi Yuro miliyan 10. Rabon masu reno 500,000 ne. Ƙungiyar unguwar da ta riƙe shi shekara huɗun farko, daga 12 zuwa 15, nata 100,000 ne. A canza wannan a kasuwar Wapa a ga bot nawa zai saya, ƙwallo nawa, motar zuwa wasa sau nawa. Tun 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi a Paris wanda aikinsa ke nan, ya bi sawun kuɗin ya kai wa masu shi.

Amma ofishin ba ya jin "wallahi ni na koya masa tare ƙwallo." Rajista yake dubawa. Kowane ɗan wasa yana da takardar tarihi da ke nuna ƙungiyar da ta riƙe shi kowace shekara, kuma sai ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo, ta kuma shigar da sunan yaron, za ta fito a ciki. Na san wani koci a unguwarmu da ya shekara fiye da goma yana tara yara bayan La'asar, da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda. Na tambaye shi, "Koci, yaran nan suna da rajista kuwa?" Ya ce, "Malam, ai kowa a unguwar nan ya san yarana ne." Unguwa ta sani, kwamfutar Paris ba ta sani ba.

Ga kuma maganar shekaru, wadda ba ma son a taɓo. Duk dokokin da na ambata a kan ranar haihuwa suke tsaye: 12, 15, 18, 21, 23. Wanda aka rage masa shekara uku a takarda yana iya haskawa cikin yara na ɗan lokaci, amma tun 2009 ake gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma a 2016 fiye da 20 cikin yaran da Najeriya ta tara suka faɗi gwajin, ana gab da wasa da Nijar. Cutar ba ta tsaya kan waɗanda aka kama ba. Yaron da shekarunsa na gaskiya ne shi ma sai a riƙa kallonsa da shakku.

A filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata muna ihun "Sai Masu Gida!" tun kafin mu ji wannan kalma daga Turai, kuma Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014. Ina so in ga ranar da za a buɗe littafi a nuna min yaran Kano nawa ne sunansu ke rubuce tun suna 12, a wace ƙungiya, da ranar haihuwa ta gaskiya. Kocin unguwarmu ya yi alkawarin zuwa ofishin hukumar ƙwallo ta jiha da hotunan yaransa da takardun haihuwarsu. Ya ce bakwai daga cikinsu ba su da takardar haihuwar ma, sai an fara daga nan.