Tambayoyi da amsoshi a kan VCO, tushen sauti a sintesaiza mai modul-modul

Mene ne VCO, kuma wane aiki yake yi?

Sintesaiza na'urar kiɗa ce ta lantarki. Mai modul-modul ɓangarori ne daban-daban da ake jerawa a akwati ɗaya, mai kiɗa ya haɗa su da wayoyi yadda yake so. VCO shi ne ɓangaren da sauti yake farowa daga gare shi. Yana fitar da wutar lantarki mai kai da komowa, kuma ƙarfin wutar da aka shigar masa ne yake yanke saurin kaɗawar. In aka ƙara wutar, sauti ya sirance. In aka rage, ya yi kauri. VCO ba ya yin shiru da kansa: muddin akwai wuta a akwatin, yana nan yana kuka. Shi ya sa ake bi da sautinsa ta matacin sauti, sannan ta modul ɗin VCA mai buɗe shi da rufe shi. A tsarin Eurorack, wanda Dieter Doepfer na Jamus ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, abin da VCO ke fitarwa yakan kai daga -5V zuwa +5V (V na nufin bolt, ma'aunin ƙarfin wuta). Wannan ya yi wa yawancin mikisa (na'urar haɗa sauti) ƙarfi, sai an rage shi tukuna.

Me ake nufi da rubutun 1V/OCT da ke jikin ramin shigar waya?

Ƙa'ida ce da ta samo asali daga sintesaizar Robert Moog ta shekarun 1960: duk ƙarin bolt ɗaya yana ninka saurin kaɗawa sau biyu, wato sauti ya hau oktab guda. In 1V ya ba ka kaɗawa 110 a daƙiƙa, 2V zai ba ka 220, 3V kuma 440. Tun da oktab yana da matakai 12, kowane mataki kusan 83mV ne kawai (mV ɗaya bisa dubu na bolt ne), don haka kuskure ƙanƙani a wutar ma kunne zai ji shi. Ba kowa ne ya bi wannan ƙa'ida ba. Buchla 1.2V yake ba kowane oktab, Korg MS-20 kuma nata tsarin na Hz/V ne. Wanda ya haɗa su kai tsaye da Eurorack zai ji waƙarsa ta karkace, sai ya samu na'urar da ke juya wannan ma'auni zuwa wancan.

Yaya sautin yake samuwa a cikinsa?

A VCO na analog akwai kwandensa da wuta ke cikawa a hankali, kamar bokiti a ƙarƙashin famfo. Da ta cika zuwa wani ma'auni sai a zubar da ita nan take, ta sake farawa. Wannan hawa a hankali da faɗowa farat ɗaya shi ne siffar haƙorin zarto. Akwai kuma irin da kwandensar ke cika ta kuma sauka a hankali, ta ba da siffar alwatika. Daga ɗaya cikin biyun nan ake sassaƙo sauran siffofi.

Abin da ya bambanta su a kunne shi ne ƙananan muryoyin da ke rakiyar babbar murya. Haƙorin zarto yana ɗauke da dukkansu, shi ya sa yake da kaifi da cika. Mai siffar murabba'i tana da masu ninka saurin babbar murya sau 3 da sau 5 da sau 7 ne kawai zuwa sama, sautinta kamar mai rami a ciki. Alwatika ma su ne da ita amma raunana. Siffar sayin, mai lanƙwasa sumul babu kusurwa, ba ta da 'yan rakiya ko kaɗan.

Me ya sa murya take zamewa bayan an saita ta?

Zafi ne. Wannan ita ce babbar matsalar VCO na analog, kuma yawancin abin da ake ɗora wa modul laifinsa daga nan yake. Aikin ninka sauti a kowane bolt tiransisto biyu ne masu hali ɗaya suke yin sa, kuma faɗin oktab ɗin da suke bayarwa yana canzawa da kusan kashi 0.33 cikin 100 a kowane digiri guda. In zafi ya motsa da digiri 10 ba tare da an yi wani tanadi ba, murya a oktab na uku za ta kauce fiye da mataki guda cur. Masu ƙira suna magance wannan da wani rizisto da ƙarfinsa ke canzawa da zafi daidai wannan gwargwado, a manna shi jikin tiransistocin, ko kuma su yi amfani da guntun lantarki (chip) irin CEM3340 na kamfanin Curtis, wanda gyaran yake cikinsa. Shi ne a cikin Roland SH-101, kuma kamfanin Alfa na Latbiya yana yin kwatankwacinsa, AS3340.

Duk da haka sai an yi haƙuri. A kunna akwatin a bar shi minti 15 zuwa 20 kafin a saita murya. Kada a ajiye shi inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ko hasken rana ke dukansa, kada kuma a manna VCO kusa da ɓangaren da ke ba akwatin wuta, don nan ne ya fi zafi.

Muryoyin ƙasa suna daidai, na sama kuma suna kasawa. Modul ɗin ya lalace?

Da wuya. A fara duba wayar da ke kawo masa wutar murya. Mafitar modul da yawa tana da rizisto na 1k (om 1,000, ma'aunin tare wuta), mashigar VCO kuma 100k take, don haka kusan kashi 1 cikin 100 na wutar yana ɓacewa a hanya. A 5V asarar 50mV ce, fiye da rabin mataki. In aka raba waya ɗaya ga VCO uku ta marabi marar wuta, asarar ta ninka uku. Maganinsa marabi mai bafa, wato mai wuta, wanda ke ba kowace mafita cikakkiyar wutar.

In ba nan matsalar take ba, sai a yi saiti. Bayan modul ya ɗumama, a shigar masa da 1V da aka auna da mita, a murɗa mamurɗin murya har manhajar auna sauti ta nuna 110. A koma 2V: ya kamata a ga 220. In bai kai ba ko ya wuce, a juya ɗan sukurun saitin oktab da ke bayan modul kaɗan-kaɗan. Kowace juyawa tana motsa muryar farko ma, saboda haka dole a koma 1V a sake daidaita 110, a yi ta maimaitawa har su biyun su zauna, sannan a gwada 3V da 4V. In can sama ne kawai ake samun kasawa, dalilin shi ne ɗan lokacin da kwandensa ke ɗauka kafin ta zube. Akwai sukuru na biyu don wannan, kuma shi ake taɓawa daga ƙarshe.

Ramukan FM da SYNC da PWM fa?

FM na girgiza murya ne: da wuta mai tafiya a hankali sai ta yi rawa-rawa, da mai sauri kuma ta koma ƙarar ƙarfe ko ƙararrawa. SYNC yana tilasta wa VCO ya koma farkon zagayensa duk lokacin da wani VCO ya zagayo. PWM yana sauya faɗin siffar murabba'i. In aka tura shi har ƙarshe sauti zai iya ɗaukewa gaba ɗaya, kuma ba lalacewa ba ce.

Na dijital ya fi ne?

Ba ya zamewa da zafi kamar na analog, kuma modul guda irin Plaits na Mutable Instruments yana ɗauke da salon sauti iri-iri. Ga mai farawa da ƙaramin akwati, zaɓi ne mai ma'ana. Amma wanda yake son ya fahimci abin da hannunsa ke yi, VCO na analog mai ramuka a fili ya fi koyar da shi.

Me ya kamata a kiyaye wajen ɗaura shi?

A kashe wuta kafin a taɓa faffaɗar wayar da ke bayansa. Jan layin da ke gefenta -12V ne, dole ya dace da alamar -12V a jikin modul da kuma a allon rabon wuta. Juya ta yana iya ƙona modul a take. A tara adadin mA (ma'aunin yawan wuta) da dukan modul ke sha a +12V da -12V, a bar rarar kashi 20 zuwa 30 cikin 100, domin wutar da ta yi ƙaranci tana sa murya rawa. A kuma auna zurfin akwati da faɗin gurbi: da HP ake auna faɗin modul, kuma kowane HP milimita 5.08 ne.